Ko Abin Kunya Ne Baƙo Ya Nemi Taimako?

Kowace shekara samari da 'yammata sukan tashi daga Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, su ɗauki akwati da ɗan buhun gari, su tafi jami'a. Waɗansu ba su yin nisa. Wudil kaɗai su ke zuwa, inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta soma aiki a 2001, wadda aka sake wa suna a 2022 ta zama Jami'ar Aliko Ɗangote. Waɗansu sukan yi gabas zuwa Dutse, inda Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a 2011. Waɗansu kuwa sai birnin Kano, Jami'ar Bayero, ko Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe tun 1962. Ran tashi maƙwabta su zo sallama, uwa ta ƙulla ƙuli-ƙuli da yaji, uba kuwa ya ja yaron gefe ya ce masa, "Ka riƙe mutuncinka. Kada ka roƙi kowa kome."

Gargaɗin nan mai kyau ne, ba mu raina shi ba. Amma akwai tambaya a cikinsa wadda ya kamata mu zauna mu duba, gama yara da yawa sun fahimce shi a karkace, har ya zama musu sanadin faɗuwa. Tambayar ke nan: ko abin kunya ne baƙo ya ce, "Ban sani ba, a nuna mini," ko kuwa ya ce, "Ba ni da shi, a taimake ni"?

Halin da baƙo ya ke shiga

Bari mu fara duba irin wurin da yaron ya faɗa. A makarantar sakandare malami ya san sunansa, watakila ma ya san ubansa. Kadan bai zo aji ba, a tambaya. A jami'a ba haka ba ne. Ɗalibai ɗari da ɗari su cika babban ɗaki, malami ya yi lakca da Turanci, ya tattara takardunsa ya fita. Ba mai kaɗa ƙararrawa, ba mai bi da bulala. Wanda ya kwana bai ci ba, da wanda ya ƙoshi, duk kujera ɗaya su ke zaune, ba mai iya rarrabe su.

Tun kafin a soma karatu ma akwai rajista. Yawancinta ta intanet a ke yi: a biya kuɗi a banki, a zaɓi darussa, a buga takardu, a kai ofis wannan da ofis wancan a sa hannu. Yaron da bai taɓa kwamfuta ba sai ran jarrabawar JAMB, ga shi an ce ya yi dukan waɗannan kafin ranar rufewa. Sa'an nan ga zancen wurin kwana, gama gadajen ɗakunan ɗalibai ba su isa kowa ba, sai a nemi haya a gari. Ga kuɗin mota da na abinci, waɗanda suka hau ƙwarai bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Akwai kuma abu guda wanda sabon ɗalibi ba ya cika saninsa ba sai ya makara. Makin da ya samu a shekarar fari ba ya ɓacewa. Ana tara shi tare da na sauran shekaru, da shi kuma a ke auna darajar digirinsa a ƙarshe. Darasin da ya fāɗi, sai ya maimaita shi. Kadan makin ya yi ƙasa ƙwarai a gargaɗe shi, kadan bai gyaru ba a sallame shi. Watau watannin nan na fari, sa'anda yaro ya fi rashin sanin hanya, su ne kuma su ke da nauyi a kan dukan tafiyarsa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko yana da idanu. To, makahon nan an sa shi ya haye kasuwa a ranar da ta fi cika.

Abin da kunya ta ke cewa

Ba za mu yi gaggawar zagin kunya ba. A ƙasarmu kunya ado ce. Ita ke hana yaro miƙa hannu cikin akushin da ba a kira shi ba. Ita ke sa matalauci ya wanke rigarsa guda ɗaya ya fito fes, ba wanda ya san cikinsa. Mutumin da ba shi da kunya, kowa yana gudunsa, gama yau ya ari sabulu, gobe ya ari takalmi, jibi ya ari kuɗi, ba ya mayarwa. Uban da ya ce kada a roƙi kowa, wannan hali ya ke tsoro, yana kuwa da gaskiya. Ya san roƙo yana da daɗin sabo, ya san kuma mai bayarwa yakan zama ubangidan mai karɓa.

Amma akwai wata kunya wadda ba ta tsare mutunci ba, sai dai ta ɓoye ciwo. Yaro ya zauna a lakca mako shida bai gane kome ba, amma ba ya ɗaga hannu, kada a ce ɗan ƙauye ne. Yarinya ta yi kwana uku da zazzaɓi a ɗaki, ba ta san an riga an karɓi kuɗin asibiti cikin kuɗin rajistarta ba, ba ta kuwa tambaya ba. Wani ya rubuta darasin da ba nasa ba, ya yi zangon karatu guda yana shiga ajin da ba a sa sunansa ba. Duk waɗannan magana ɗaya ta ishe su warkewa, amma ba a faɗe ta ba. Kadan muka tone irin wannan kunya sai mu tarar girman kai ne a ƙarƙashinta, gama mai ita ya fi son ya fāɗi a ɓoye da a san bai sani ba.

Ashe kuwa wanda ya zo jami'a ya riga ya shaida da ƙafarsa bai sani ba. Da ya sani, me ya kawo shi? Matambayi ba ya ɓata.

Roƙo dabam, neman taimako dabam

Manoman Gaya da Ajingi sun daɗe da warware wannan tambaya a gonakinsu. Kadan ciyawa ta fi ƙarfin mutum da damina, yakan kira gayya. Samarin unguwa su zo da fartanyoyinsu, a yi wuni guda a gama abin da zai ɗauke shi mako biyu. Ko akwai wanda ya taɓa kiran mai gayya maroƙi? Babu. Me ya sa? Dalili uku ne. Na ɗaya, gonar tasa ce, shi ya share, shi ya shuka, yana kuma cikin masu noman a ranar. Na biyu, a fili ya kira, kowa ya ji. Na uku, ran da maƙwabcinsa ya kira tasa gayya, shi ma zai ɗauki fartanya ya tafi.

Haka kuma fataken dā. Mutanen Kano da su ke tafiya Gwanja sayen goro, sa'anda suka isa kasuwar Salaga ba su kwana a daji don kunya ba. Sukan nemi mai masauki a zango. Shi zai ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya gaya musu farashin gari, ya tsaya musu wajen ciniki. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, bisa ga wannan tsari cinikin shanu da na goro ya tsaya: baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya lamunce shi. Har wa yau wanda ya kai saniya kasuwar Wudil ran Jumma'a ba ya jin kunyar neman dillali. Ba wanda ya ce falke rago ne domin ya nemi mai masauki. Wanda ya ƙi nema shi a ke kira wawa.

Bambancin ke nan. Maroƙi yana so a ɗauke masa kayansa. Mai neman taimako yana so a ɗora masa kayan a kai, shi ya ɗauka. Ɗalibin da ya ce wa na gaba da shi, "Yayana, ban gane lissafin nan ba, ka nuna mini," gayya ya kira. Wanda ya ce, "Ka rubuta mini, in kai da sunana," shi ne maroƙi, ya kuma haɗa da sata.

Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna da Daniyel. Saurayi ne aka kai shi Babila, aka sa shi makarantar sarki shekara uku domin ya koyi harshe da rubutun Kaldiyawa, har aka sake masa suna. Ba wanda ya fi shi riƙon mutunci, gama ya ƙi abincin sarki. Duk da haka bai rufe bakinsa ba. Ya tafi wurin wakilin da ke lura da su ya roƙa a gwada su kwana goma. Sa'anda wahala ta zo kuma, ya koma wurin abokansa uku ya faɗa musu. Riƙon mutunci da neman taimako ba su yi faɗa a cikinsa ba.

Ƙofofin da su ke a buɗe

Yanzu sai mu faɗi inda taimako ya ke, gama sau da yawa yana kusa, rashin sani ne ya nisanta shi. A kowace jami'a akwai ofishin kula da al'amuran ɗalibai, wanda zancen wurin kwana da koke-koke ke hannunsa. A sashen karatu akan sa malami guda ya lura da 'yan shekarar fari, shi ne zai duba ko darussan da yaro ya rubuta daidai ne. Akwai asibitin makaranta, akwai laburare inda a ke karanta littattafan da ba a iya saya. Waɗannan duka ba alfarma ba ce. Domin ɗalibi aka ajiye su, ana kuwa biyan ma'aikatansu albashi saboda shi. Wanda ya ji kunyar shiga, ya zama kamar mutumin da ya biya kuɗin mota sa'an nan ya bi ta da ƙafa.

Akwai kuma rancen karatu. A watan Afrilu na 2024 aka sa hannu a dokar asusun da a ke kira NELFUND, aka soma karɓar takardun masu nema a watan Mayu na shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma soma da ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ciyar da kansa. Ba ruwa a kan rancen, biya kuwa sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Amma a tuna rance ne, ba kyauta ba. Mai karɓa ya karɓa da niyyar biya, gama abin da ya mayar, da shi za a ba na baya.

Sa'an nan akwai ƙungiyoyin ɗalibai. Ɗalibai Musulmi suna da tasu, MSSN, wadda aka kafa a Ikko a 1954. Ɗalibai Kirista suna da FCS, wadda ta soma a Gindiri a 1957, da NIFES, ta 1968. Akwai kuma ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya ko ƙaramar hukuma ɗaya. Waɗannan su ne zangon ɗalibi. Can zai sami wanda ya riga shi shekara biyu, wanda ya san inda a ke sayar da abinci da araha, ya san unguwar da haya ba ta da tsada, yana kuma da takardun jarrabawar bara.

Ba kowane hannu a ke kamawa ba

Amma wani zai ce, "Kun ce a nemi taimako. To, ai ta wannan ƙofa ce mugaye su ke shiga." Gaskiya ne, ba mu musa ba. Mai farautar baƙo ba ya zuwa da fuskar mugunta, da fuskar taimako ya ke zuwa. Wani ya ce zai samo maka gado kadan ka ba shi kuɗi a ɓoye. Wani ya ce ya san mai sayar da amsoshin jarrabawa. Wani ya ce ka shiga ƙungiyarsu ta dare, ba mai ƙara taɓa ka. Wani ya miƙo ƙwaya, ya ce tana hana barci a yi karatu. Wani babba ya ce wa yarinya zai biya mata kuɗin makaranta, amma kada ta gaya wa kowa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Yaya baƙo zai rarrabe? Sai ya koma ga gayya, ya auna kowane taimako da ma'auni uku ɗin nan. Ya tambayi kansa: bayan taimakon nan, ni zan ci gaba da noman gonata, ko an karɓe mini fartanya? Ya sake tambaya: zan iya faɗin wannan a gaban mahaifina da mahaifiyata? Ya kuma tambaya: abin da za a nema a wurina daga baya, zan iya biyansa da rana tsaka? Taimakon da ya ce a yi shiru, tarko ne. Taimako na gaskiya ba ya tsoron shaidu.

A nan ne kunya ta ainihi ta ke da aikinta. Ba a ba mu ita domin ta hana mu tambayar hanya ba. An ba mu ita domin ta hana mu bin hanyar da ba za mu so a gan mu a kanta ba.

Kada zango ya zama kurkuku

Akwai haɗari na biyu, wanda ba shi da muni kamar na fari, amma yana rage amfanin tafiyar. Yaro ya sami 'yan garinsu, ya ji sanyi, shi ke nan ya manne musu shekara huɗu. Da su ya ke ci, da su ya ke kwana, da su kaɗai ya ke magana. Ya fita jami'a bai san kowa ba sai waɗanda ya sani tun a gida. Falke yakan sauka a zango, amma ba zango ya zo gani ba, kasuwa ya zo.

Wannan ya shafi 'ya'yan ekklesiya musamman. A Gaya da Ajingi yawancin jama'a Musulmi ne, haka kuma a Wudil da Dutse da Kano. Ɗalibi Kirista zai iya jin kansa baƙo sau biyu, ya ƙule cikin 'yan'uwansa kaɗai. Amma wanda ya iya lissafi, ko wanda ya raba tuwonsa da kai ran da kuɗinka ya ƙare, ba a tambayarsa inda ya ke sujada kafin a gode masa. Maƙwabtaka da muka sani a gida, inda a ke zuwa wa juna suna da jana'iza, ita ce ya kamata a kai makaranta. Labarin gargajiya ya ce maƙeri ne daga Gaya, mai suna Kano, ya tafi neman tama har ya zauna a gindin Dala, daga nan a ke ce wa zuriyarsu Abagayawa. Mutanen wannan ƙasa ba baƙin fita su zauna cikin waɗansu ba ne.

Bashin da ba a mayar wa mai shi

Saura tambaya guda, ita ce ta fi damun mai zuciya. Yakan ce, "Na karɓa, amma da me zan rama? Wanda ya ba ni tabarma a ɗakinsa zai gama bana ya tafi, watakila ba za mu ƙara gamuwa ba." Amsa ita ce, irin wannan bashi ba a biyansa baya, gaba a ke biyansa. Baɗi war haka wani yaro zai sauko daga mota a bakin ƙofar makaranta da akwati a kai, yana dube-dube. Shi ne mai bin ka bashin. Wanda ya san haka ba ya jin nauyin karɓa, gama ya san ajiya aka ba shi.

Saboda haka muna da magana ga kowane ɓangare. Ku da kuka riga kuka yi shekara ɗaya ko biyu, kada ku jira baƙo ya tambaya, gama kun san abin da ke rufe masa baki. Ku fara gaishe shi. Ku ce, "Ƙanena, ka gama rajista? Ka ci abinci?" Tambaya ta biyu ku yi ta sau biyu, gama amsar fari kullum "na ci" ce.

Ku iyaye, kada ku sa yaro a mota sai kun nemo masa sunan mutum guda a garin da za shi, ko ɗan unguwa ko ɗan ekklesiya, kun kuma yi magana da mutumin. Sa'anda kuka kira shi a waya, kada ku tsaya ga tambayar maki. Yaron da ya san an sayar da akuya ko buhun gero domin karatunsa yana jin nauyin faɗin ya fāɗi darasi. Ku buɗe masa ƙofa tun da wuri, ku ce, "Ko me ya faru, mu fara ji." Gargaɗin ran tashi kuma ku ƙara masa rabinsa da ya ɓace: kada ka yi roƙo, amma kada ka ɓoye ciwo.

Ku dattawan ekklesiya na garuruwan da jami'a ta ke, ku tuna baƙi suna shigowa garinku kowace shekara. Kwano guda na tuwo ran Lahadi a gidan da akwai uwa da yara ya fi dogon wa'azi kwantar da zuciyar wanda ke kewar gida. Sa'anda karatu ya tsaya kuma, kamar yajin aikin malaman jami'a na 2022 wanda ya kai wata takwas, ku na gida ku jawo yaran cikin aiki da koyar da ƙannensu, kada zaman banza ya cinye su.

Kai kuma sabon ɗalibi, ko ke sabuwar ɗaliba, ga shawararmu. Kafin mako na fari ya ƙare, ka san ƙofar malamin da ke lura da ajinku, ka san hanyar asibiti, ka san sunan mutum biyu da suka riga ka, ka kuma san sunan mutum guda wanda ba garinku ɗaya ba. Abin da ba ka gane ba yau, ka tambaya yau, gama ciyawar da aka bari kwana bakwai ta fi ta kwana ɗaya wuyar nomewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka bari a kama maka, ka kuwa lura da yadda aka kama, domin baɗi kai ne za ka kama wa wani.